FASHIN BAƘI: Layi biyu a ƙarshen mujalla, da abin da suke faɗa game da rayuwar masu zanen manga

A ranar 24 ga Mayu, 2022, wani sabon shafi ya ɓulla a Twitter, dandalin da yanzu ake kira X. Sunan shafin tarkacen haruffa ne da lambobi marasa ma'ana, kuma abin da aka fara wallafawa a cikinsa hoton kusurwar wata takarda ce mai ɗauke da lamba 6, tare da 'yan kalmomi da ke nuna cewa saura babi huɗu. Babu fuskar mutum, babu cikakken zane. Amma kafin a kwana a tashi mabiya shafin sun haura miliyan ɗaya, cikin kwana uku kuma sun kai miliyan biyu.

Mai shafin shi ne Yoshihiro Togashi, ɗan ƙasar Japan da ke zana labarin Hunter x Hunter. A lokacin ya shafe shekara uku da rabi bai fitar da ko babi ɗaya ba. Da farko an yi ta kokwanton ko shi ne, har sai da wani abokin sana'arsa, Yusuke Murata mai zana One-Punch Man, ya tabbatar da cewa shi ɗin ne. Abin da ya tara wannan jama'a bai wuce shaidar cewa mutumin yana raye kuma hannunsa na riƙe da alƙalami ba.

Wanda bai san duniyar manga ba zai yi mamakin yadda kusurwar takarda za ta zama labarin da kafafen yaɗa labarai za su ɗauka. Dalilin yana cikin wata tsohuwar al'ada ta wannan sana'a, wato gajeriyar hirar da masu zane ke yi da masu karatu game da harkokinsu na yau da kullum: abin da suka ci, kyanwar da ta kwanta musu a kan takarda, fim ɗin da suka kalla, bayan da ke musu ciwo. An ƙirƙiro wannan hira ne don nishaɗi da jan hankalin mai saye. Da tafiya ta yi tafiya, ta zama kusan ita kaɗai ce tagar da mai karatu ke leƙawa ya ga halin da jikin mai zanen yake ciki.

Yadda injin yake aiki

Manga shi ne sunan da Japanawa suke kiran labarin da ake bayarwa ta hanyar zane, kuma daga cikinsa ne ake ɗauko akasarin fina-finan katun irin su Dragon Ball da Naruto da One Piece. Yawancin labaran ba sa fara fitowa a matsayin littafi. Babi-babi suke fitowa a manyan mujallu masu kauri da ake bugawa a takarda mai araha, sai an tara babi kusan goma sannan a ɗaure su a matsayin kundi.

Uwa a cikin waɗannan mujallu ita ce Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha, wadda aka kafa a 1968, ta koma fitowa duk mako a 1969. A ganiyarta, wajen 1995, an taɓa buga kwafi miliyan 6.53 na fitowa guda. Kowace Litinin takan zo da labarai kusan ashirin, kowane babi shafi 19 ko kusa da haka. Ma'ana, mai zane zai tsara labari, ya yi zayyanar farko, ya kai wa edita ya duba, ya gyara, ya zana da fensir, ya bi da tawada, mataimakansa su cike gine-gine da inuwa, duk a cikin kwana bakwai. Ranar da ya miƙa aiki, ranar ce agogon mako mai zuwa ke fara bugawa.

A kan wannan kuma akwai ƙuri'ar masu karatu. Mujallar ta daɗe tana saka katin wasiƙa da mai karatu zai cike ya zaɓi labaran da suka fi burge shi a wannan mako. Labarin da ya dinga zama a ƙasa, ana iya yanke shi tun bai kai babi ashirin ba. Tsugumi Ohba da Takeshi Obata sun gina labarinsu mai suna Bakuman, wanda ya fito daga 2008 zuwa 2012, kacokan a kan wannan gasa.

To, a ƙarshen kowace fitowa akwai shafin da ke jera labaran da ke ciki. A gefen sunan kowane labari ana bai wa mai zanensa ɗan gurbi, layi biyu ko uku, ya faɗi abin da ya ga dama. Wannan shafi yana da ban sha'awa ta fuska biyu. Masoya suna nazarin jerin sunayen kamar masu duba sakamakon jarrabawa, domin sun lura cewa labarin da ya daɗe a can ƙasa kwanansa ya kusa ƙarewa. A daidai wannan wuri kuma, mutumin da ake shirin yanke wa labari yana nan yana ba da labarin sabon shagon taliyar da ya gano a unguwarsu. Wajen Japan ma ana bin hirar sau da ƙafa: kamfanin Viz Media na Amurka yana fassara ta zuwa Turanci duk mako, sannan tun da Shueisha ta buɗe manhajar MANGA Plus a Janairun 2019, mai karatu a mafi yawan ƙasashen duniya yana samun sabon babi a rana ɗaya da mutumin Tokyo, don haka yana jin shirun makon da babin bai fito ba a lokaci guda da shi.

Fuskokin aro

Abin lura shi ne, da yawa daga cikin masu wannan hira ba sa nuna fuskarsu. Akira Toriyama, mai Dr. Slump da Dragon Ball, ya kan zana kansa a matsayin wani ɗan mutum-mutumin ƙarfe sanye da abin rufe fuska. Togashi kare yake zana kansa. Hiromu Arakawa, wadda ta zana Fullmetal Alchemist, saniya ce mai tabarau, saboda a gonar madarar shanu ta tashi a tsibirin Hokkaido. Koyoharu Gotouge na Demon Slayer kada ne mai tabarau, Gege Akutami na Jujutsu Kaisen kuwa kyanwa ce mai ido ɗaya. Eiichiro Oda, wanda labarinsa One Piece ya haura kwafi miliyan 500 a duniya, idan ya yarda aka yi hira da shi a talabijin, rufe masa fuska ake yi.

Wannan ɓuya tana da amfani a bayyane: mutumin da miliyoyin jama'a ke karanta aikinsa zai iya shiga jirgin ƙasa ya zauna ba wanda ya waiwaye shi. Amma tana ƙara wa 'yan layukan nan nauyi. Mawaƙi ko ɗan fim, masoyansa suna ganinsa. Idan ya rame sun sani, idan ya yi furfura sun gani. Mai zanen manga kuwa, abin da ya rubuta da hannunsa kaɗai aka sani game da shi.

Oda ya fi kowa iya sarrafa wannan alaƙa. Tun daga kundi na huɗu na One Piece ya buɗe wani fili mai suna SBS, inda masu karatu ke aiko da tambayoyi yana amsawa. Tambayoyin sun haɗa da na gaske da na shirme: ranar haihuwar wani jarumi, abincin da ya fi so, dalilin da ya sa hancin wane ya yi tsawo. Sau da yawa mai karatu ne ke ba da shawarar ranar haihuwar jarumin, Oda ya amince, ta zauna daram a matsayin gaskiyar labarin. Akwai tsokana, akwai wasan da ke kama da na jika da kaka. Yaron da ya aika tambaya a ƙarshen shekarun 1990 yanzu magidanci ne, kuma har yau filin na nan.

Ba Japan kaɗai ta san wannan dabara ba. A Amurka, tun a tsakiyar shekarun 1960, Stan Lee na kamfanin Marvel ya buɗe shafin Bullpen Bulletins a cikin mujallun kamfanin, daga baya ya ƙara da filinsa na kansa, Stan's Soapbox. Ya raɗa wa ma'aikata laƙabi, ya kira Jack Kirby sarki, ya dinga ba da labarin wanda ya yi aure da wanda aka yi wa haihuwa, har yaran da ke karatu suka ɗauka cewa akwai wani babban ɗaki a New York inda waɗannan mutane ke zaune suna raha suna zane. Alhali akasarin masu zanen a gidajensu suke aiki, ana biyansu shafi-shafi. Shi kansa Kirby, wanda ake ta kambamawa a shafin, ya bar Marvel a 1970 cike da ƙorafin cewa ba a ba shi haƙƙinsa da sunansa yadda ya kamata ba. Wannan misali ya isa ya tunatar da mu cewa hirar da ke fitowa a cikin mujallar kamfani, ta bi ta hannun kamfani kafin ta iso.

Lokacin da raha ta koma rahoton asibiti

Togashi ya daɗe yana shan ba'a. Hunter x Hunter ya fara fitowa a Maris ɗin 1998, kuma daga 2006 ya shiga tafiyar hawainiya: ya fito na 'yan makonni, ya ɓace na watanni, wani lokaci fiye da shekara. Masoya a intanet suka sauya wa labarin suna zuwa Hiatus x Hiatus, daga kalmar Turanci mai nufin dakatawa. Aka yi ta yaɗa cewa wasan kwamfuta na Dragon Quest ne ya ɗauke masa hankali. Tun da matarsa, Naoko Takeuchi, ita ce mai Sailor Moon, wasu suka ce ai gidan kuɗi ne, ba ya buƙatar aikin.

Duk da haka alamomin suna nan tun da daɗewa ga mai son gani. Bayan ya rufe labarinsa na farko da ya yi fice, YuYu Hakusho, a 1994, Togashi ya buga wani ɗan littafi da kansa inda ya bayyana cewa rashin barci da matsin aikin mako-mako sun fara taɓa masa lafiya, har yana jin ciwo a ƙirji. A 2014 mujallar ta sanar a hukumance cewa ciwon baya ne ya kwantar da shi. Amma cikakken bayani bai fito ba sai a 2022, a cikin saƙon da ya rubuta don baje kolin ayyukansa da aka buɗe a Tokyo a watan Oktoba. A nan ne ya ce ya yi kusan shekara biyu bai iya zama a kujera ba, cewa sai da ya haƙura da zaman tebur ya koyi zane a kishingiɗe, kuma akwai lokacin da ko tsarki bayan ya kewaya ba ya iya yi, sai dai ya shiga wanka kowane karo. Mutum mai shekara 56, wanda ya saba ɓuya a bayan hoton kare, ya faɗi wannan a bainar jama'a.

Daga nan yanayin maganar ya sauya. Labarin ya dawo ranar 24 ga Oktoba, 2022, ya yi babi goma, daga na 391 zuwa na 400, sannan mujallar ta sanar cewa ba za a ci gaba da shi a tsarin mako-mako ba. Wasu babi goma suka sake fitowa a ƙarshen 2024. Tsakanin waɗannan lokuta, abin da ke shafinsa na X shi ne hotunan kusurwar takardu, da lissafin inda aiki ya tsaya, da 'yan kalmomi kan yadda bayan ya kwana. A ƙarƙashinsu kuma dubban amsoshi cikin harsuna daban-daban, akasarinsu suna cewa ya bi a hankali. A Nuwamban 2023 ya aika wasiƙa ga wani shirin talabijin na Japan, inda ya ce yana da hanyoyi uku da yake tunanin rufe labarin da su, sannan ya bayyana ta huɗu da ya ajiye gefe, ya ce a ɗauke ta a matsayin ƙarshen labarin idan ajali ya riske shi bai gama ba.

Wannan magana ba ta zo a banza ba. Shekara biyu da rabi kafin nan, ranar 6 ga Mayu, 2021, Kentaro Miura ya rasu yana da shekara 54, sakamakon tsagewar babbar jijiyar jinin da ke fitowa daga zuciya. Ya fara zana Berserk tun 1989, labarin da ake jinjina wa saboda tsananin cikar zanensa, kuma bai kammala shi ba. Shi ma ya sha gori saboda yawan dakatawa. Da kamfanin Hakusensha ya sanar da rasuwar bayan mako biyu, sai masoya suka koma suka tono gajerun saƙonninsa na shekara da shekaru a mujallar Young Animal, suka jera su. Abin da a da ake karantawa ana murmushi, na mutumin da ke ba'a da kansa cewa ba ya samun hutu, ba ya fita waje, ba shi da wata rayuwa bayan teburin zane, sai ya koma kamar takardar shaida.

A nan akwai buƙatar taka-tsantsan. Babban mataimakin Miura ya fito ya ce a shekarunsa na ƙarshe maigidan nasa yana cin abinci mai kyau, yana motsa jiki, kuma lafiyarsa ƙalau. Saƙonnin da aka fi yaɗawa na shekarun baya ne. Layi biyu da mutum ya rubuta cikin raha da tsakar dare ba takardar likita ba ce, kuma wanda ya jera su bayan mutuwa ya riga ya san ƙarshen da yake nema. Abin da saƙonnin suka tabbatar shi ne irin rayuwar da sana'ar ta ɗauka a matsayin daidai na tsawon shekaru, har ta zama abin dariya a bakin masu yin ta.

Tsofaffin sana'ar sun san haka. Osamu Tezuka, wanda ake kira uban manga, ya rasu a 1989 yana da shekara 60. Shotaro Ishinomori, mai Kamen Rider, ya rasu a 1998, shi ma yana da 60. Shigeru Mizuki, wanda ya rasa hannunsa na hagu a Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya zana GeGeGe no Kitaro da hannu ɗaya, ya sha ba da labarin yadda waɗannan biyun ke alfahari da kwana biyu ko uku ba barci, shi kuwa ba ya wasa da barcinsa komai yawan aiki. Ya rasu a 2015 yana da shekara 93.

Oda, wanda aka daɗe ana ruwaito cewa barcin awa uku yake yi a dare, an kwantar da shi a asibiti a 2013 saboda ƙurji a maƙogwaro. Daga baya tsarinsa ya koma babi uku, hutun mako ɗaya. A Yunin 2023 ya dakata na mako huɗu don a yi masa aikin ido, kuma ya sanar da hakan ne da irin barkwancin da ya saba. Sai ga rasuwar Toriyama ranar 1 ga Maris, 2024, yana da shekara 68, sakamakon taruwar jini a cikin kai. A saƙon ta'aziyyarsa Oda ya tuna ranar da Toriyama ya kira shi da Masashi Kishimoto, mai Naruto, abokansa, da yadda su biyun suka rasa inda za su sa kansu don murna. Bayan 'yan makonni ya sanar da hutun mako uku, ya ce ba ciwo yake yi ba, yana so ne ya duba jikinsa. Da a shekarun 1990 ne, da wuya babban labarin mujallar ya tsaya haka ba tare da an kwanta asibiti ba.

Ɗaya gefen wuƙar

Kusancin da ke sa a yi wa mutum addu'a, shi ne ke ba da damar a zage shi kai-tsaye. A zamanin katin wasiƙa, edita ne ke tace abin da zai kai ga mai zane. Yanzu babu wannan shinge.

Hajime Isayama ya rufe Attack on Titan a Afrilun 2021, kuma ƙarshen labarin ya raba kan masoya, wasu suka wuce suka zuwa cin mutunci. Da zai halarci wani taron masoya a New York a Nuwamban 2022, sai da ya fara wallafa saƙo yana cewa ya san an yi saɓani kan ƙarshen, yana roƙon a tausasa masa. A zauren taron kuwa tafi ya tarar, har idonsa ya ciko.

Lamarin Hinako Ashihara bai ƙare haka ba. Ita ce mai labarin Sexy Tanaka-san, wanda gidan talabijin na Nippon TV ya mayar wasan kwaikwayo a ƙarshen 2023. An samu saɓani kan sauye-sauyen da aka yi wa labarin, har ita da kanta ta rubuta kashi biyu na ƙarshe. Marubuciyar wasan ta nuna rashin jin daɗinta a Instagram. Ranar 26 ga Janairu, 2024, Ashihara ta wallafa nata bayanin dalla-dalla kan abin da aka yi alkawari da abin da ya faru. Nan take jama'ar intanet suka yi wa marubuciyar wasan ca. Bayan kwana biyu Ashihara ta goge bayanin, ta bar ɗan gajeren saƙo cewa ba ta yi nufin kai wa kowa hari ba, ta ba da haƙuri. Ranar 29 ga wata aka tsinci gawarta a lardin Tochigi, tana da shekara 50, kuma jaridun Japan sun ruwaito cewa 'yan sanda na ganin ita ta ɗauki ranta. Gidan talabijin ɗin da kamfanin Shogakukan mai buga littattafanta kowanne ya gudanar da bincike ya fitar da rahoto a tsakiyar shekarar. Waɗanda suka yi rubdugun suna ganin kare ta suke yi. Saƙonta na ƙarshe ya nuna ba abin da ta nema ke nan ba.

Akwai kuma lokacin da wasiƙar mai karatu ke riƙe mai zane a tsaye. Bayan Tite Kubo ya kammala Bleach a 2016, ya wallafa wani gajeren zane a Twitter inda ya ba da labarin cewa wajen shekara ta goma da fara labarin lafiyarsa ta taɓarɓare, har ya fara tunanin ajiyewa. A lokacin ne ya samu wasiƙa marar suna da adireshi daga wani yaro da likitoci suka ce kwanansa ya ƙare, wanda ya bar wasiyyar a aika ta bayan rasuwarsa, yana roƙon Kubo ya zana labarin yadda shi yake so har ƙarshe. Kubo ya nemi jama'a su taya shi gano wanda ya aiko. Bayan kimanin shekara guda ya sanar cewa an samu mutumin, abokin yaron ne da suka yi jinya a asibiti ɗaya.

Abin da ya sauya, da wanda bai sauya ba

Za a iya ganin tasirin wannan duka a yadda mujallar ke tafiyar da marasa lafiya yanzu. Daisuke Ashihara, mai World Trigger, wanda suna kawai ya haɗa shi da Hinako, ya dakata a Nuwamban 2016 saboda ciwon wuya, ya dawo a 2018, aka mayar da labarinsa mujallar Jump Square mai fitowa wata-wata. A Yunin 2021 wani babi na Jujutsu Kaisen ya fito da shafukan da ba a gama bi da tawada ba, nan da nan aka ba Akutami hutun kusan wata guda. Yuki Tabata ya kwashe Black Clover zuwa Jump Giga mai fitowa sau huɗu a shekara a 2023. Misalin da ya fi jan hankali shi ne na Masaoki Shindo: sabon shiga ne, labarinsa RuriDragon ya yi babi shida kacal a 2022 rashin lafiya ta tsayar da shi. Maimakon a share shi, an jira shi fiye da shekara ɗaya da rabi, ya dawo a Maris ɗin 2024, aka koma fitar da labarin ta intanet duk bayan mako biyu.

Sai dai duk waɗanda aka lissafa masu kasuwa ne. Kundin farko na RuriDragon ya sayu sosai tun mai shi yana kwance. Mai zanen da labarinsa ke lilo a ƙasan jeri ba shi da wannan gata, domin hutun wata guda a gare shi na iya zama sallama, kuma mataimakan da ke cike inuwa har asuba ba su da gurbin layi biyu a ƙarshen mujalla balle a ji ta bakinsu. Shafi 19 a kwana bakwai yana nan yadda yake ga mafi yawa.

Shi kuwa Berserk, bai mutu tare da mai shi ba, kuma hira ce ta cece shi. Miura yana da aboki tun daga makarantar sakandare, Kouji Mori, wanda shi ma mai zanen manga ne. Shekaru da dama da suka wuce, Miura ya kira shi don su yi shawara kan wani muhimmin sashe na labarin, a wannan zama ya zayyana masa yadda tafiyar za ta kasance har ƙarshe, kuma suka ci gaba da tattauna ta a duk lokacin da aka kai wata babbar gaɓa. A Yunin 2022 Hakusensha ta sanar cewa labarin zai ci gaba: mataimakan Miura na Studio Gaga za su yi zanen, Mori zai sa ido. Mori ya gindaya sharaɗi a sanarwar cewa abin da Miura ya faɗa masa da baki kaɗai zai bayar a zana, ba zai yi ƙari ba, kuma duk sashen da bai tuna shi sosai ba zai bar shi. Sababbin babin suna fitowa da sunan Miura a sama, na Studio Gaga da na Mori a ƙarƙashinsa.